Hukuncin namiji ya danna ƙirjin matar da ba muharramarsa ba idan zuciyarta ta tsaya

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na halarci horon taimakon gaggawa, aka koya mana danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya, da manna masa na'urar da ke ba zuciya shokin lantarki. Idan mace ce ta faɗi a kasuwa ko a tasha, kuma ba muharramata ba ce, ya halatta in taɓa ƙirjinta, ko in jira a samo mace?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, ya halatta, kuma idan babu wanda ya iya a wurin sai kai, to ya zama wajibi a kanka, jiranka kuwa zunubi ne.

Abin da ya sa na tsananta shi ne, wannan jinkiri yana cin rayukan mata, kuma masana sun auna shi. Binciken da Audrey Blewer ta jagoranta a Jami'ar Pennsylvania, wanda aka wallafa a 2018 bisa mutum fiye da 19,000 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti a Amurka da Kanada, ya nuna cewa a bainar jama'a kashi 45 cikin ɗari na maza ne suka samu wanda ya danna musu ƙirji, mata kuwa kashi 39, alhali a cikin gida kusan babu bambanci. A Holan ma, wani bincike na 2019 ya gano cewa kusan kashi 20 na maza sun fita asibiti da rai, mata kuma kashi 12.5 kacal. Ba jinkirin jama'a kaɗai ya haifar da ratar ba, domin mata sukan kasance sun fi tsufa lokacin da abin ya same su, amma da aka tambayi mutane dalilin ja da baya, sun ambaci tsoron zargin taɓa mace da tsoron ji mata rauni. Idan haka ta faru a ƙasashen da ba su da irin kunyarmu, ina fargabar abin da ke faruwa a cikinmu. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan jini ya daina kai mata, kuma kowane minti da ya wuce ba a danna ba yana rage damar tsira da kashi bakwai zuwa goma.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 32, wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Bukhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz cewa suna fita tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna shayar da mayaƙa, suna jinyar masu rauni, malamai kuma suka kafa hujja da shi a kan halaccin jinya tsakanin ajnabai saboda lalura. An hana taɓa ajnabiya ne don toshe ƙofar fitina, kuma abin da aka hana don toshe ƙofa ana halatta shi idan maslaha mai rinjaye ta zo. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil ya ɗora lamuni, wato biyan diyya, a kan wanda ya iya kuɓutar da rai daga halaka ya ƙi.

Wani zai kawo matsayar Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta 1993, wadda ta gabatar da likita mace a kan namiji wajen jinyar mace. Gaskiya ne, sai dai wannan jeri na mai lokacin zaɓi ne. Idan akwai macen da ta iya a tsaye a wurin, ita ce gaba. Idan sai an je nemo ta, kai ne gaba, kuma ba a jiran izinin miji ko waliyyi.

Lalura ana ƙaddara ta gwargwadonta. Ka sa tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ka danna da ƙarfi zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ko da a saman riga ne, kuma ga babban mutum dannawa kaɗai ta wadatar wa wanda ba zai iya hura numfashi ba. Na'urar lantarki kuwa dole sai a kan fata, don haka a buɗe iya wurin da za a manna ta, sauran jama'a su juya baya su yi mata shamaki da mayafi ko babbar riga, a hana masu ɗaukar hoto da waya. Idan haƙarƙari ya karye a garin ceto, wanda yakan faru, babu laifi a kanka, domin aya ta 91 a Suratut Tauba ta ɗauke zargi daga masu kyautatawa.

Allah ne mafi sani.