Amsa ga 'yar uwar da ta yar da jakarta a kan mashin, magen gidanta kuma ta ɓata

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya bayyana miki ya kiyaye gaba. Na ga tambayarki tun ɗazu, kin ce jakar hannunki ta faɗi ko kin manta ta a kan kilando, wato mashin ɗan haya, tsakanin babbar kasuwa da Yelwa, da katin ɗan ƙasa a ciki da waya da 'yan kuɗi, ga kuma magen yaranki kwana biyu ba a gan ta ba, kina tambaya ta ina za ki fara. Jama'a sun yi miki addu'a, amin, amma bari ni in ɗan tsawaita, don shagona na cajin waya a bakin titi yake nan Garwa ta Kamaru kuma shekara da shekaru ana kawo min tsintuwa ajiya, ana zuwa cigiya, na ga waɗanda suka samu na ga waɗanda suka rasa.

Magana ta gaskiya, wanda ya tsinci jakarki da wuya a ce yana cikinmu nan. Masu tsintar kaya su ne masu mashin, yara 'yan talla, masu sharan kasuwa, almajirai, tsohuwa mai tuyan ƙosai a bakin hanya, wasunsu ko babbar waya ba su da ita. Toh in kika rubuta cigiya a waya kika koma kika zauna kina jira, kamar kin yi sallama ne a gidan da ba kowa. Cigiya ƙafa take so, kuma da zafi zafi ake yinta. Gobe da sassafe ki samu wani namiji cikin 'yan uwa ya raka ki daidai inda kika hau mashin ɗin, masu kilando kowace matsaya sun san junansu kuma akwai babba a cikinsu da suke jin maganarsa, shi za ku nema ku gaisa da mutunci, ki faɗi lokacin da kika hau, inda aka sauke ki, kalar mashin, in yana sanye da riga mai lamba ki faɗa. Dan Allah kar ki je da fuskar tuhuma, da zarar sun ji ƙamshin ana kiransu ɓarayi shi kenan kowa zai ce bai san komai ba. Da yawansu wallahi mutanen kirki ne, sai mutum ya koma gida da dare ya ga jaka rataye a bayan mashin bai san ta wa ba ce cikin fasinjojin da ya ɗauka tun safe.

Kuma ki tuna garin nan Fulatanci ya fi tafiya a kasuwa da titi. In za ki bar saƙo ko ki ba da sanarwa a rediyo, a yi ta da Fulatanci da Faransanci da Hausa duka, kar a tsaya kan Hausa kaɗai.

Amma kafin duk wannan, wayar. Yau ɗin nan ki sa a rufe layin. Kuɗin Orange Money ko MoMo na MTN ba a cikin wayar suke ba, a kan lambarki suke, in ba wanda ya san lambar sirrinki ba abin da zai taɓa su, sai dai matsalar mutanenmu da yawa shekarar haihuwa suke sawa a matsayin lambar sirri, ga kuma katin ɗan ƙasa a jaka ɗaya da wayar ɗauke da ranar haihuwa ɓaro ɓaro, kin ga ai an haɗa wa mugu ƙofa da makulli. Ki je ajans ɗinsu, wato ofishin kamfanin layin, a ba ki sabon pus, wato sim, da lambarki ta da, da kin sa shi ki dawo da WhatsApp ɗinki a wata waya, tsohuwar za ta fita da kanta. Ki kuma gaya wa dangi kar wanda ya tura kuɗi in an roƙe shi da sunanki. In kwalin wayar na nan a gida ki duba jikinsa akwai lambar IMEI, lambobi 15 ne, ki rubuta ki tafi da ita komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Sauran 'yan uwa masu karantawa ku danna *#06# yanzu a wayarku za ta fito, ku rubuta a takarda ku ajiye a gida.

Sai katin, shi ne ya fi damuna a duk kayan. Ki je komisariya ki yi takardar shaidar ɓata, wadda suke ce wa sertifika de pert. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, ba haka ba ne sam, a ƙasar nan da katin ɗan ƙasa ake rajistar layin waya, in wani ya yi aika aika da katinki wannan takardar ce za ta nuna tun ranar kaza ba ya hannunki, kuma ita za ki riƙe a hanya in an tsayar da mota a shinge, ita za a tambaya wajen yin sabo. Tun 2025 tsarin ya canza, sai an fara cika bayanai ta intanet, kuɗin sefa 10,000 ne. Amma ni shawarata ki yi takardar ɓatan yanzu, sabon katin ki ɗan dakata masa kwanaki, domin ko ɓarawo ne ya ɗauki jakar, kuɗi da waya yake so, kati nauyi ne a wajensa, jefar da shi yake a kwata ko bakin masallaci ko ƙofar shago irin nawa. Ki leƙa gidan rediyo, ki leƙa komisariyar da ta fi kusa da kasuwa, ajans ajans na motocin tafiya, ki tambayi ladanan masallatan hanyar, ki kuma sanar da lawan ko jauron unguwa, tsintuwa da yawa ƙofar gidansu take ƙarewa.

Wani abu da nake roƙon kowa, in kun tsinci katin mutum ku daina ɗaukar hotonsa gaba da baya kuna watsawa. Niyyar mai kyau ce amma kun baza lambarsa da sunan iyayensa da ranar haihuwarsa ga duniya. Suna da garin haihuwa sun isa, ku rufe sauran da yatsa.

Ke ma a cigiyarki kar ki zayyana komai. Ki ce jaka baƙa ta mata, ki tsaya nan, ki riƙe alama ɗaya ko biyu a cikinki. Akwai masu bin irin wannan sanarwar, sai a kira ki a ce Hajiya an tsinci jakarki a garin Pitoa kusa da Garwa, turo kuɗin mota ta Orange Money a kawo miki, kina turawa layin ya mutu. Wata baiwar Allah ta zo shagona ido jawur, an karɓe mata kuɗin mota, aka sake kira wai mashin ya lalace a hanya ta ƙara, ashe ko kalar jakar ba su taɓa gani ba, abin da ta rubuta da hannunta suka maimaita mata. Duk wanda ya kira ki ce masa me ke cikin ƙaramin aljihun, in ya faɗa daidai ku haɗu da rana a wajen jama'a, ki ga kayanki a hannu sannan ki ba da tukuici. Wannan ma ba wayon zamani ba ne, a hadisin Zaidu ɗan Khalid da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da tsintuwa cewa ya yi a gane jakarta da maɗaurinta sannan a yi cigiya shekara guda, wato alamar nan ita ce shaidar mai kaya. Abu ɗaya dai, ba a cigiyar abin da ya ɓata a cikin masallaci, an hana, a ƙofa ake yi bayan an fito.

Toh magen. Ki kwantar da hankalin yaran, mage ba ta cika yin nisa ba in dai ba namiji ba ne da ya bi mace. In ta tsorata wuri take samu ta lafe, ko kina kiranta tana jin ki ba za ta amsa ba, shi ya sa neman rana bai cika amfani ba. Ki bari sai bayan isha'i gari ya yi shiru ko da asuba, ki ɗauki tocila ki haska ƙarƙashin tarin itace, bayan buhuna, saman silin, kango in akwai kusa, idonta zai ƙyalla. Ki roƙi maƙwabta su buɗe sito da ɗakin ajiya, sau da yawa shiga take bin ɓera a kulle da ita ba a sani ba, da zafin Garwa kuwa dabba a kulle ba ruwa ba ta jure kwanaki, don haka wannan kar ki bar shi sai jibi. In kuma kin lura cikinta ya yi nauyi kwanan nan to haihuwa ta je yi, cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, za ta dawo cin abinci a rame, ki sa yaro ya bi ta a hankali zai ga inda ta ajiye 'ya'yan. Ki ajiye mata kan kifi da ruwa da tsumman da take kwana a kai a inda ta saba. Ki kuma tambaya ko wani ya zuba maganin ɓera a layin, ba daɗin ji amma gara ki sani. Yaran unguwa su ne 'yan sandan wannan aikin, ki ce akwai alawa ga wanda ya gano ta, sai dai ki ce su nuna wurin kawai kar su bi ta da gudu.

Da akuya ce ko tunkiya da maganar ta bambanta, nan sai a fara da ma'aikatar magajin gari ko an kama ta cikin dabbobin da ke yawo a titi, sannan a sanar da dillalai da mahauta tun kafin ranar kasuwa, musamman Lahadin Pitoa, don in ta shiga hannu na biyu na uku fitar da ita sai an sha wuya.

Ki turo min kalar jakar da wajen ƙarfe nawa kika hau mashin ɗin ta akwatin sirri, kar ki sa a nan. Masu kilando da yawa a wajena suke cajin waya da yamma, zan tambaye su ɗaya bayan ɗaya, in an ji wani abu zan sa uwargidana ta kira ki.