Kar ka goge Kingdom Come kafin ka je wurin Kyaftin Bernard

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena mai tambaya daga unguwar Talaje a Yamai, ka ce ka sa wasan bidiyon Kingdom Come: Deliverance a na'urar PS4 ɗinka, duk wanda ka tara da shi sai ya lakaɗa maka duka, takobi ba ya bin hannunka, ga wuta ta ɗauke ta tafi da duk wasan da ka yi tun la'asar. Kana tambaya ko ka ci gaba ko ka goge shi ka koma buga ƙwallo. Ni dai shawarata kar ka goge. Na daɗe ina buga shi, a fadarmu ta Bukoki ma kusan kowa ya taɓa shi, kuma na lura wuri ɗaya ne mutane suke karaya, wato daidai inda kake yanzu.

Dukan da kake sha ba laifin manet (abin sarrafa wasan da kake riƙewa) ba ne, ba kuma hannunka ne ya yi nauyi ba. Da gangan aka yi shi haka. Kamfanin Warhorse Studios na birnin Prag a Jamhuriyar Cek ne ya fitar da wasan a watan Fabrairun 2018, kuma kan tarihin ƙasarsu suka gina shi. Bohemiya ce a shekarar 1403, lokacin da Sigismund sarkin Hangari ya kama ɗan'uwansa Sarki Wenceslas na 4 ya tsare, ya shigo da sojojin haya na ƙabilar Kuman suna ƙone garuruwa. Skalitz, garin haƙar azurfar da wasan ya fara a cikinsa, gari ne na gaske, kuma da gaske an ƙone shi a wannan shekarar. Kai kuwa Henry ne, yaron maƙera. Bai iya karatu ba, bai taɓa zuwa yaƙi ba, takobin ma da na itace yake wasa a bayan gari. To ta yaya yaro irin wannan zai kada sojan haya mai sulke da kwalkwali? Wasannin da muka saba bugawa jarumi suke miƙa maka tun daga farko. Wannan kuwa ɗan koyo ya ba ka, sai ku koya tare. Babu tsafi a ciki, babu dodo, babu takobin aljanu da za ka tsinta ya cece ka.

Saboda haka, a farkon wasa gudu ba abin kunya ba ne. Ka bi labarin kawai har ka farfaɗo a gidan mai injin niƙa kusa da garin Rattay, ka shiga hidimar Radzig Kobyla mai garin Skalitz, a tura ka wurin Kyaftin Bernard mai horar da mayaƙa. Daga nan ne wasan ya soma. Kuskuren da na ga mutane da yawa suna yi shi ne su yi darasin farko na dole, su kama gabansu. A'a. Bernard yana filin horo da rana, kuma za ka iya komawa ku yi ta fafatawa da takobin itace iya son ranka, ba ko sisi. A wasan nan abin da ka yawaita yi shi ke ƙaruwa: sara yana ƙara ƙarfi da gwanintar takobi, tare sara yana ƙara iya kariya. Za ka ji da hannunka Henry yana sauƙi, saransa yana sauri, abin da ɗazu yake maka kamar manet ta lalace ya zama daidai.

Faɗan kansa sai ka ɗauke shi kamar kokowa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san ba mai gaggawa ke kayarwa ba, mai jiran abokin karawa ya saka ƙafa inda bai dace ba ne. Tauraron nan da kake gani a jikin abokin gaba yana nuna kusurwoyi biyar na sara, tsakiyarsa kuma suka. Amma abin da ya fi tauraron muhimmanci shi ne layin nan ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin jan layin rai, wato numfashinka. Muddin da sauran numfashi, yawancin saran da ya same ka shi yake ci. Da ya ƙare, sai sara ya shiga jiki, jini ya fara zuba. Wanda ke danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa yana ƙarar da numfashinsa ne da kansa, ya tsaya tsirara gaban takobi. Ka yi sara biyu, ka ja baya, ka numfasa. Idan ƙaramar garkuwa koriya ta bayyana a tsakiyar tauraron, a daidai lokacin za ka tare. Bayan farautar da za ku fita da Hans Capon, matashin ɗan sarautar Rattay, ka sake komawa wurin Bernard ka nemi darasi na gaba, akwai wata dabara ta tare sara da mayar da shi a motsi ɗaya. Ranar da ka iya ta, faɗan mutum ɗaya da ɗaya ya daina ba ka tsoro. Kuma idan ka gamu da mai sulken ƙarfe, ajiye takobi ka ɗauki kulki ko gatari, don takobi zamewa yake yi a kan ƙarfe.

Inda nake ganin wasan ya gaza shi ne faɗa da mutane da yawa. Ido yana maƙalewa kan mutum ɗaya, sauran su zagaye ka ta baya, juyawa kuma da wuya. Wannan aibi ne, ba zan kare shi ba. Maganinsa kar ka yarda su zagaye ka. Ka ja baya zuwa wuri matsattse, ko ka hau doki ka harbe su da kibiya, ko ka jira dare ka shiga sansaninsu suna barci. Bakan ma ba shi da ɗigon saiti a allo, da ido da sabo ake harbi, kuma a farko tsirkiya tana yi wa Henry rauni a hannu in bai sa kariyar damtse ba.

Sai maganar wutar da ta tafi da wasanka, wadda mu nan Yamai ta fi kowace damun mu, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Wasan ba ya barin ka adana duk lokacin da ka ga dama. Yana adanawa da kansa a wasu gaɓoɓin labari, yana adanawa idan ka yi barci a gadonka ko gadon da ka kama haya a masauki, ko kuma ka sha wani abin sha da ake kira Saviour Schnapps. Da wasan ya fito mutane sun yi ta ƙorafi, sai aka ƙara damar adanawa yayin fita daga wasa, don haka ka tabbata naka yana da sabuntawar ƙarshe. Abin da nake yi shi ne, a duk garin da nake yawan zuwa ina kama gado a masauki, barcin awa ɗaya na cikin wasa ya isa ya adana. Shi kuwa abin shan tsada gare shi a wurin ƴan kasuwa, gara ka koyi dafa shi a teburin haɗa magani na Rattay: ganyen ƙaiƙayi ɗaya, tsiron belladona biyu. In kana da hali ka sayi akwatin batirin nan mai riƙe wuta na ƴan mintoci, ko lokacin fita lafiya ya ba ka ya biya kuɗinsa.

Haɗa maganin yana buƙatar karanta littafi, Henry kuwa idan ya buɗe littafi haruffa a hargitse yake ganinsu. Akwai magatakarda a garin Uzhitz da zai koya maka da kuɗi kaɗan. Ka je da wuri. Wannan wurin yana cikin abin da ya sa na ƙaunaci wasan: ka zauna gaban malami, ka yi ta lalube a rubutu, a hankali kalmomi su daidaita.

Sauran rayuwar kuma za ka saba da ita da kanka. Yunwa, barci, abinci yana ruɓewa a jaka, tufafi suna datti manyan mutane su raina ka, don haka ka riƙa wanke fuska a kwamin ruwa kafin ka shiga wurin masu sarauta. Da dare a cikin gari ka riƙe tocilan wuta, in ba haka ba dogarai su tare ka. Farautar barewa a dajin mai gari laifi ne. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne wasu ayyukan ba sa jira. Idan aka ce maka mutanen wani ƙauye suna kwance ba lafiya, ka tafi yawonka, za ka dawo ka tarar an yi jana'iza. In wani ya ce ku haɗu da asuba, da asubar yake nufi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kowa a fadarmu ya fito da Henry nasa daban. Wani ɗan'uwanmu bai damu da yaƙi ba sam, tsinkar ganye da dafa magani ya sa gaba, ya yi kuɗi ya sayi doki da sulke mafi kyau tun bai kashe kowa ba. Wani kuma da baki yake wucewa ko'ina, ya sa kaya masu tsada ya lallashi wannan ya tsorata wancan. Akwai wanda ya bi hanyar sata, garin Rattay duka ya tsane shi, ƴan kasuwa suka tsauwala masa farashi, dogarai suna caje shi a kowace ƙofa. Da muka zauna shan shayi kowa na ba da labarin aiki ɗaya, sai ka rantse ba wasa ɗaya muka buga ba. Inda muka yi musu sosai shi ne gidan ibadar Sasau, inda ake karɓe makamanka ka shiga cikin sufayen Kirista, ka tashi da asuba, ka yi aiki, ka ci abinci a kan lokaci, kana binciken wani a ɓoye. Rabinmu sun ce ɓata lokaci ne. Ni a ganina babu wurin da ya fi shi nuna abin da wasan ke nufi, domin a nan takobi ba ya maka komai, sai lura da haƙuri.

Wasan ya sa na koma duba me ke faruwa a wajenmu a zamanin. Wajen 1405 ake cewa an kafa sarautar Agadas, tarihin Kano kuma ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki a daidai waɗannan shekarun, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe. Idan ina jera wa Henry rigar auduga a ciki, sulke a kai, ƙarfe a sama, sai in ji takaicin rashin wasa irin wannan da aka gina kan Gobir ko Adar ko Damagaram. Labarin muna da shi.

Dole kuma in gaya maka gaskiya a matsayin yayanka. Wasan manya ne, na ƴan shekara 18 zuwa sama. Akwai giya, har abin adanawar nan ma giya ne, akwai caca, ashar, da gidajen wanka masu mata. Yawanci kana iya kauce musu, barci a gado ya ishe ka adanawa, amma akwai wurare a labarin da bai kamata ƙanne su gani ba. Kar ka buga shi a falo gaban yara.

A PS4 za ka ga wani lokaci hoton gida ko tufafi yana jinkirin fitowa, lodi kuma yana daɗewa. Ka ɗora na'urar inda iska ke shiga, ka riƙa share ƙura, musamman da hunturu. Da zarar ya sauka ba ya buƙatar intanet, kuma akwai shi da Faransanci har da muryoyi. Kashi na biyu ya fito ranar 4 ga Fabrairun 2025, ya ci gaba da labarin Henry da Hans har zuwa birnin Kuttenberg, an kuma sauƙaƙa faɗan, kusurwoyin sara sun ragu. Amma ba ya hawa PS4, sai PS5 ko sabuwar Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi, kuma daga inda na farkon ya tsaya ya ɗora. Don haka wanda ke hannunka shi ne daidai wurin farawa.