Imel ɗin da za ki tsallaka da shi

Ƙanwata,

Saƙonki ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da gurbin karatun da kika samu a Birtaniya. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Kin ce ƙawarki ta tayar miki da hankali cewa Gmail ba shi da tsaro, wai ki rufe naki ki koma Proton tun kafin ki fara cike takardun biza, shi ne kike so in faɗa miki wane kamfanin imel ya fi aminci. Kin yi tambayar a kan gaɓa. Yawancinmu da ke waje sai da abin ya ci mu sannan muka san ana yin ta.

Bari in fara da abin da ya same ni, don shi ya canza mini tunani a kan wannan magana. Sati na biyu da saukata, na zauna a gaban kwamfutar laburaren makaranta zan buɗe imel ɗina in fitar da takardar da ke ɗauke da ranar ganawata da ofishin kula da baƙi. Na sa kalmar sirri daidai, ban kuskure ko harafi ɗaya ba. Sai kamfanin ya ga an shigo daga sabuwar ƙasa, da na'urar da bai sani ba, ya ce ya tura lambobi shida zuwa layin wayata, in rubuta su. Layin kuwa na cire shi na ajiye tun kafin in hau jirgi, don a ganina ya gama aikinsa. Ina kallon akwatin nan guda shida babu komai a ciki, ga ɗalibai a bayana suna jiran kujera. Kwana tara na yi ina fama kafin in koma cikin akwatina, kuma a kwanakin nan saƙo biyu masu wa'adi sun shigo sun wuce. Ba ɓarawo ya shige ni ba, ba kuma kamfanin ne ya cuce ni ba. Ƙofar da aka yi don ta kare ni ce ta rufe ni a waje, saboda na bar makullinta a wata nahiya.

Shi ya sa in mai shirin tafiya ya tambaye ni wane imel ya fi tsaro, nakan fara tambayarsa: wa ya buɗe maka wanda kake da shi, kuma da wane layi aka ɗaure shi? Ke ma ki amsa wa kanki. In akwai ejan da ke taya ki cike takardu, kada ki yarda ya buɗe miki adireshi, kada kuma ki ba shi kalmar sirrin naki, komai kirkinsa. Na san ɗalibar da ejan ya buɗe mata imel ya sa lambarsa a wurin dawo da akwati. Duk abin da jami'a ta aiko, shi ke fara gani, ya tura mata wanda ya ga dama. Ranar da suka sami saɓani a kan kuɗi, sai ta wayi gari ba ta da hanyar yin magana da makarantar da ta ɗauke ta. Ke da za ki Birtaniya abin ya fi shafar ki, domin lambar CAS, wato shaidar an karɓe ki karatu, da za ki nemi biza da ita daga jami'a za ta fito, yawanci ta imel, kuma izinin zama a can yanzu ya koma na intanet. Katin izinin zama na BRP da aka saba bayarwa wa'adinsa ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, aka koma eVisa, wanda ake shiga ta asusun UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, da lambar da za a turo wa imel ko wayar da aka yi rajista da su. Kin ga ke nan wanda ke riƙe da imel ɗinki yana riƙe da shaidar zamanki a ƙasar.

To, mu dawo kan maganar ƙawarki. Tana da gaskiya ta wani gefe, amma ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai tsaro daga masu kutse, akwai kuma sirri daga kamfanin da kansa. Ta fuskar masu kutse, Gmail da Outlook ba kanwar lasa ba ne. Suna da ma'aikata da kayan aiki da ƙananan kamfanoni ba za su iya ɗauka ba, kuma suna da ƙwarewa wajen tace saƙonnin damfara kafin su iso gare ki. Inda ƙawarki ta yi daidai shi ne makullin saƙonninki yana hannun kamfanin. Google ya sanar a 2017 cewa ya daina duba abin da ke cikin saƙonni don zaɓen tallan da zai nuna wa mutum, amma har yanzu na'urorinsa na iya karanta saƙon, kuma idan kotu ta ba da umarni yana da abin da zai miƙa.

Proton da Tuta an gina su ne a kan akasin haka. Proton ya fara a 2014 a Janeba ta ƙasar Suwizalan, waɗanda suka kafa shi masana kimiyya ne da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN. Tuta kuma, wanda aka sani da Tutanota har zuwa ƙarshen 2023, yana Hanoba a Jamus, an kafa shi a 2011. Dukansu suna kulle saƙonnin da ke akwatinki da makullin da kalmar sirrinki ce ke buɗe shi, ta yadda ko ma'aikatansu ba za su iya karantawa ba. Akwai ɗan bambanci da ba kowa ke lura da shi ba: Tuta yana kulle har kan saƙon, wato layin da ake rubuta batun, shi kuwa Proton yana bin tsarin kulle saƙo na PGP wanda Phil Zimmermann ya fitar tun 1991, kuma a wannan tsari jikin saƙo da takardun da aka liƙa ake kullewa, kan saƙon ba ya samun irin wannan kulli.

Amma ki saurara da kyau a nan, don nan ne talla ke yin shiru. Kullin nan mai ƙarfi, wanda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya buɗewa, yana cika ne idan ku biyun kuna kan tsari ɗaya, ko kuma kin sa wa saƙon kalmar sirri kin faɗa wa mutumin ta wata hanya. Ofishin ɗaukar ɗalibai ba zai yi wannan da ke ba, ofishin biza ma haka, mai gidan haya ma haka. Ranar da kika liƙa hoton fasfonki kika aika wa jami'a daga Proton, kwafi ɗaya yana kulle a akwatinki, ɗayan kuma yana zaune a akwatinsu kamar kowane saƙo. Abin da kika samu shi ne naki ɓangaren ya tsira, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tara fasfo da takardar banki da sakamakon asibiti a wuri ɗaya. Sai dai kada ki ɗauka kin zama marar ganuwa.

Haka nan kasancewar kamfani a Suwizalan ko Jamus ba ya nufin ya fi ƙarfin doka. A 2021 hukumomin Suwizalan sun ba Proton umarni, bisa buƙatar 'yan sandan Faransa, ya ajiye adireshin IP na wani mai fafutukar kare muhalli, wato lambar da ke nuna daga inda yake shiga intanet, ya kuma miƙa. Abin da ke cikin saƙonnin bai fita ba, don ba su da makullinsa, amma inda mutumin ke shiga ya fita. Wata kotu a birnin Kolon na Jamus ma ta taɓa tilasta wa Tutanota ya sa ido a kan sabbin saƙonnin da ke shiga wani akwati ba a kulle ba. Ban kawo waɗannan don in ɓata su ba. Ni a wurina kamfanin da ke fitowa fili ya ce ga abin da doka ta sa mu yi ya fi wanda ke rantsuwa cewa ba wanda zai taɓa shi. Ke kuma ba gwamnati kike gudu ba, karatu za ki. Abokan gabanki su ne ɗan damfara da mantuwa.

Mantuwar nan ita ce farashin irin su Proton da Tuta, kuma ina so ki auna kanki da gaskiya. Tunda ba su riƙe makullinki, ba su da abin da za su ba ki in kin ɓatar. Proton zai ba ki kalmomi 12 na dawo da akwati, Tuta zai ba ki wata doguwar lamba. Wanda ya manta kalmar sirrinsa kuma bai adana waɗannan ba, a Proton yana iya sake shiga ya tarar da tsofaffin saƙonninsa a kulle ba sa karantuwa, a Tuta kuwa akwatin ya tafi gaba ɗaya. Babu wani ofishi da za ki je ki yi kuka a buɗe miki. Sannan asusun kyauta a wurinsu bai wuce gigabait 1 ba, alhali Google na ba da 15, ga shi takardun da aka ɗauka a hoto ba sa jin ƙai wajen cika wuri. Ki kuma san cewa akwatin da aka yi watsi da shi share shi ake yi: ga mai asusun kyauta, Tuta bayan wata 6, Proton bayan shekara 1, Google bayan shekara 2.

Abu ɗaya kuma da nake dubawa kafin in amince da kamfani shi ne ko zai kai baɗi. Kamfanin imel na Lavabit, wanda Edward Snowden mai fallasa asirin leƙen asirin Amurka ya yi amfani da shi, mai shi ya rufe shi rana ɗaya a Agustan 2013 don kada ya miƙa wa gwamnatin Amurka makullansa. Skiff ya zo da kyakkyawan suna, a Fabrairun 2024 kamfanin Notion ya saye shi, aka ba mutane wa'adi su kwashe kayansu. Girma ma ba garkuwa ba ne, tunda kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma sai 2017 aka san iya yawansu. Don haka in kin ga sabon kamfani da alkawura masu daɗi, ki bar shi ya shekara tukuna. Adireshin da za ki rubuta a fom ɗin biza adireshi ne da za ki buƙace shi shekara biyar ko goma nan gaba, ranar sabunta izini, ranar neman aiki.

Saboda wannan dalilin kada ki jingina da imel ɗin da jami'a za ta ba ki. Nasu ne, masu kula da shi na iya shiga, kuma yawanci ana rufe shi bayan an kammala. Ki yi harkar darasi da malamai da shi, iyakarsa ke nan.

Ga abin da zan yi da ni ne ke. Ba zan rufe tsohon Gmail ba, ki bar shi ya ci gaba da karɓar Facebook da saye-saye da duk inda ake neman adireshi don a dame ki da talla. Ki buɗe sabo mai ɗauke da sunanki kamar yadda yake a fasfo, ba laƙabi ba shekarar haihuwa, ki keɓe shi ga jami'a, biza, banki da gidan haya kawai. Ni nawa na Proton ne, kuma na gamsu da shi. Amma in kin san ke mai yawan ɓatar da takarda ce, sabon Gmail da aka ɗaure da kyau zai fi miki alheri a kan Proton da kalmominsa 12 suka ɓace. Amfanin keɓewar za ki gan shi ranar da saƙo ya shigo tsohon akwatin yana cewa an soke bizarki, ki danna nan ki biya tara cikin awa 24. Ba sai kin yi dogon tunani ba, kin san hukuma ba ta da wannan adireshin. Sabbin ɗalibai su ake fi nema da irin wannan saƙo, don an san a tsorace suke.

Ko wanne kika zaɓa, ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato lambar da ake nema bayan kalmar sirri, amma kada ki ɗora ta a kan saƙon tes, in ba haka ba ki faɗa ramin da na faɗa. Layi kan mutu, kamfanin waya ya sake sayar da lambar ga wani, ko ɗan damfara ya yaudare su a mayar masa da ita kan sabon sim. Ki sauke manhajar da ke fitar da lamba, irin su Google Authenticator ko Aegis. Lambobi shida take bayarwa masu canzawa duk daƙiƙa 30, kuma ba ta buƙatar sabis ko data, tana aiki ko a cikin jirgi. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. Ki rubuta su da biro a takarda, su ko kalmomin Proton, kwafi biyu. Ɗaya ki sa a jakar da ba fasfonki ke ciki ba, ɗaya ki bar wa wanda kika amince da shi a rufe cikin ambulan. Kada ki ɗauki hotonsu ki bari a waya, domin wayar ce abin da aka fi sacewa. Kalmar sirrin kuma ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, wadda ba ki taɓa sawa a wani wuri ba. In kina so ki san ko tsohon adireshinki ya taɓa fita a wani kutse, ki sa shi a shafin Have I Been Pwned, kyauta ne.

Kafin ranar tafiya ki yi gwajin da ni ban yi ba. Ki cire sim daga wayarki, ki ari wata kwamfuta da ba ki taɓa shiga da ita ba, ki gwada buɗe sabon akwatin da abin da zai kasance a hannunki a filin jirgi kaɗai. In ya buɗe, ki fita ki goge sawunki. In ya nemi layin da kika cire, to akwai sauran gyara, ki kira ni ranar Asabar da yamma mu bi shi tare, wayarki a hannu, takarda da biro a gefe.

Yayanki.