Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Haɗa Ofisoshin Jakadanci da Wutar Sola?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makonnin nan sun karkata ga magana ɗaya, wato rawar da jakadun ƙasashen waje suke takawa a batun sauyin yanayi da wutar sola. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, dukansu daga cikin garin Kaduna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Nakan ga jakadun ƙasashen waje a talabijin suna ƙaddamar da wutar sola a asibiti ko makaranta, alhali abin da muka sani game da ofishin jakadanci shi ne bayar da biza. Me ya kai su ga wannan harka, kuma ta wace hanya suke yin ta? Daga wani malamin sakandare, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Biza ita ce ƙofar da jama'a suka fi sani domin a nan ake bin layi, amma ɗaki ɗaya ce kawai a cikin babban gida. Yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana na Ostiriya a 1961 ta zayyana aikin jakada: ya wakilci ƙasarsa, ya kare muradunta, ya tattauna da gwamnatin da ta karɓe shi, ya riƙa aika rahoton abin da yake gani zuwa gida, sannan ya ƙarfafa hulɗar tattalin arziki da al'adu da kimiyya. Tun da aka cimma yarjejeniyar yanayi a babban birnin Faransa a 2015, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin bayyana yadda za ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, batun ya shiga cikin kowane ɗaya daga waɗannan ayyuka.

Mafi girman aikin ba a nuna shi a talabijin. Kafin babban taron yanayi na kowace shekara, jami'an ofisoshin jakadanci da ke Abuja sukan yi ta zirga-zirga tsakanin Ma'aikatar Muhalli da ta Lantarki da ta Kuɗi, suna neman sanin matsayin Najeriya, suna kuma ƙoƙarin jawo ta kusa da matsayin ƙasashensu. Birtaniya ta yi irin wannan zawarci a faɗin duniya kafin taron Gilasgo na 2021 wanda ta karɓi baƙuncinsa. A wurin taron ne Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shanyewa, kuma a watan Nuwamba na shekarar ya sanya hannu kan dokar sauyin yanayi.

Sai kuma kuɗi da ƙwararru, waɗanda galibi suke biyowa ta hukumomin raya ƙasashe masu aiki kafaɗa da kafaɗa da ofishin jakadanci. Hukumar GIZ ta Jamus, da kuɗin gwamnatin Jamus da na Tarayyar Turai, tana gudanar da shirin tallafa wa harkar makamashi a Najeriya tun 2013, kuma ta taimaka wajen tsara ƙa'idojin ƙananan tashoshin lantarki na ƙauyuka waɗanda hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙasa ta fitar a 2016. Ina ganin wannan ya fi kowace kyautar faifan sola muhimmanci, domin ɗan kasuwa ba zai zuba miliyoyinsa a ƙauye ba sai ya san nawa aka yarda ya caji mutane, da kuma diyyar da zai samu ranar da babban layin lantarki ya iso garin. A nan jihar Kaduna, shirin Solar Nigeria na gwamnatin Birtaniya ya kafa wutar sola a cibiyoyin lafiya na matakin farko da dama. Amurka kuwa ta ƙaddamar da shirin Power Africa a 2013 zamanin Shugaba Obama, wanda ya fi mayar da hankali ga haɗa 'yan kasuwa da masu bayar da rance. Akwai kuma guraben karo ilimi, irin su Chevening na Birtaniya da DAAD na Jamus, waɗanda injiniyoyinmu suke amfana da su.

Kada kuma a manta da sashen ciniki. Kusan kowane babban ofishin jakadanci yana da jami'in da aikinsa shi ne nemo wa kamfanonin ƙasarsa kasuwa. Yarjejeniyar gyaran layukan lantarki da Najeriya ta ƙulla da kamfanin Siemens na Jamus a 2019 ta biyo bayan ziyarar da Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta kawo Abuja a 2018.

TAMBAYA: Ni ina sayar da kayan sola kuma ina haɗawa. Gaskiya ban yarda da Turawan nan ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Su suka ɓata yanayin duniya da masana'antunsu, yanzu kuma sun dawo suna ce mana mu bar fetur da gas. Anya don Allah suke yi? Daga wani ɗan kasuwa, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

AMSA: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa, kuma ba zan rage mata komai ba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya take fitarwa, amma manomin Giwa da na Birnin Gwari suna cikin waɗanda damina ta fi rikita wa lissafi, ta makara wajen sauka ko ta ɗauke ana tsakiyar bukatarta. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A taron Kofanhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai a 2022, kuma kaso mai yawa na kuɗin rance ne da za a biya. A taron Baku na 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, wakilan ƙasashe masu tasowa kuma suka fito suna cewa bai kai ko kusa da bukata ba. Game da gas ma kana da hujja: ƙasashen Turai sun yi ta ja da baya daga zuba kuɗi a ayyukan gas na Afirka, amma da yaƙin Rasha da Yukuren ya ɓarke a 2022 sai ga su suna neman ƙarin gas ɗin Najeriya domin ɗumama gidajensu. Tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sha faɗa musu wannan a fili.

Inda na rabu da kai shi ne a kan tambayar ko don Allah suke yi. Jakada ma'aikaci ne da ƙasarsa take biyan albashi domin ya kare muradunta, kuma babu abin kunya a cikin haka. Turai tana tsoron ƙaurar matasa idan ƙasar noma ta mutu a yankin Sahel, tana kuma neman kasuwa ga injunanta. Sin, wadda take ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan sola na duniya, tana son ka ci gaba da sayen kayanta, kuma kai ka fi ni sanin daga ina kwalayen da ke shagonka suke zuwa. Rancen bankin Sin ne ya gina madatsar Zungeru mai megawat 700 a kan kogin Kaduna, kamfanoninta ne kuma suka yi aikin. Tambayar da ta kamata mu riƙa yi ita ce ko muradinsu ya haɗu da namu a wannan aiki, da kuma sharuɗɗan da aka rubuta a takardar.

A batun hasken rana, muradin ya haɗu ƙwarai. Ka tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, yawancin Arewa ta shafe kwanaki a cikin duhu. Na bi ta wani layi a unguwarmu a ɗaya daga cikin dararen, masu ƙanƙara sun rufe, masu walda sun zauna jugum, shago ɗaya ne kawai yake da haske, mutane sun jera wayoyinsu a kan benci suna jiran caji daga faifai biyu da mai shagon ya ɗora a kan kwanon rufinsa. Babu jakadan da ya ce masa ya saya. Tsadar fetur bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023 ce ta kai shi, tare da faɗuwar farashin faifan, wanda ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Abin da ya kamata ka yi hattara da shi shi ne dogaro da su, domin manufar ofishin jakadanci tana sauyawa da zaɓen da aka yi a can gida. Amurka ta fita daga yarjejeniyar yanayi a 2020, ta koma a 2021, sannan a watan Janairu na 2025 Shugaba Trump ya sake sanya hannu kan ficewa, aka kuma rushe USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wadda take riƙe da Power Africa.

TAMBAYA: Shekarun baya an kafa mana sola a asibitin da nake aiki, muka yi murna, amma yanzu ta mutu, mun koma karɓar haihuwa da fitilar waya. Shin za mu iya rubuta wa ofishin jakadancin da ya kawo ta? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kawo.

AMSA: Malama, Allah Ya saka miki da alheri a kan aikin da kike yi cikin wannan hali. Wasiƙarki ta sosa mini rai, domin na taɓa raka wata 'yar'uwata wani ƙaramin asibiti da tsakar dare, na ga ungozoma ta danne waya tsakanin haɓa da kafaɗa tana ɗaura ruwa, alhali faifan sola yana jere a kan rufin. Da na tambaya sai aka buɗe mini ɗakin batira, na tarar sun kumbura, ƙura ta lulluɓe inbatar, an kuma jingina tsintsiya da bokiti a jikinta.

Sau da yawa faifan ba ya mutuwa, domin yakan yi shekara 25 yana aiki. Batir ne yake gajiya, musamman irin na da mai ruwan batir, wanda zafin ɗaki da yawan tatsa suke kashewa cikin 'yan shekaru. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfin faifan idan ba a goge shi ba. Don haka mataki na farko shi ne a kira mai gyara ya duba, ya rubuta abin da ya lalace da kuɗinsa, domin mai yiwuwa gyaran bai kai abin da kuke tsoro ba. Za ku iya rubuta wa ofishin jakadancin, amma ki sani cewa a bisa al'ada ranar da aka ƙaddamar da irin wannan aiki ake miƙa shi ga gwamnati, daga nan kuma nauyin kula da shi ya koma kan hukumar lafiya a matakin farko ta jiha da ƙaramar hukuma. Ku sa kwamitin raya mazaɓa ya kai kuka can da takardar mai gyaran a hannu, ku aika kwafi ga ofishin jakadancin, domin jakada yana da damar tuna wa gwamna abin da aka sanya wa hannu. Wasu ofisoshin, kamar na Japan, suna da ƙaramin asusun tallafa wa ayyukan al'umma, amma ƙungiya mai rajista suke ba, kuma ba sa karɓar kuɗin fom. Duk wanda ya nemi ku biya shi domin ya shigar da ku, ɗan damfara ne.

TAMBAYA: To mu namu ofisoshin jakadancin da ke ƙasashen waje fa, me ya kamata su yi? Daga wani ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Kaduna.

AMSA: Ɗana, wannan ita ce tambayar da na fi so a yi. Aikin da jakadan Jamus yake yi wa Jamus a Abuja, shi ne ya kamata jakadanmu ya yi mana a Balin da Beijin da Nudelhi. Ya kamata ya san kamfanonin da suke neman wurin kafa masana'antar haɗa faifai da batira, ya gaya musu cewa dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, cewa Arewa tana da rana mai ƙarfi, kuma akwai filaye da rumfunan masaƙun Kakuri da suka daɗe a rufe. Ya kamata ya bi sawun kuɗin da aka yi alkawari, irin asusun biyan asarar bala'in yanayi da aka amince da shi a Masar a 2022, domin kuɗin irin wannan asusu yana tafiya ne wurin wanda ya kai takardun aiki a kammale. Ya kamata kuma ya faɗakar da gida da wuri a kan dokokin da za su taɓa cinikinmu, misali harajin hayaƙi da Tarayyar Turai ta tsara a kan siminti da ƙarfe da takin zamani da ake shigar mata, ganin cewa Najeriya tana fitar da takin yuriya zuwa waje.

Wannan aiki yana bukatar mutum a kan kujera. A watan Satumba na 2023 gwamnati ta kira jakadunmu gida, aka kuma shafe fiye da shekara biyu ofisoshin suna hannun masu riƙon ƙwarya, a daidai lokacin da aka yi tarukan yanayi na Dubai da Baku. Mai riƙo yana iya halartar taro, amma ba kowace ƙofa ake buɗe masa ba. Tun da kana karatun fasaha, ina ba ka shawara ka haɗa da koyon rubuta takardar neman tallafin aiki da lissafin kuɗinta, domin a ofisoshin nan, namu da nasu, wanda ya iya bayyana megawat nawa, naira nawa, da kuma wanda zai sayi sabon batir bayan shekara biyar, shi ake zaunarwa a saurara.