Koton Burodi: Me Ya Sa Yake Narkewa a Ƙugiya?

Tambaya: Malam, ina fatsa a dam ɗin Tiga da burodi, amma da na jefa sai ya narke ya bar ƙugiya tsirara. Wani ya ce in ɗiga masa maganin ƙwari kaɗan, kifi zai taso da kansa. Hankalina bai kwanta ba, don iyalina ke cin kifin.

Amsa: Ɗan'uwa, ruwa kake cika wa burodin. Ɓare ɓawon, ka ɗauki tsakiyar, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka yi ta murzawa a tafin hannu har ya daina manne maka a yatsa. In ya saki, ƙara garin rogo. In kana da turmi, daka shi da ƙuli-ƙuli ko daddawa saboda ƙamshi. Wasu kan murje yankan burodi da kwalba, su huda shi ƙanana da murfin biro. Ka ɗana kamar ƙwayar wake, bakin ƙugiya a waje. Karfasa da kawara na cinsa. Tarwaɗa ta fi son tana.

Maganar maganin ƙwari kuwa, don Allah kada ka kuskura. Kullum sai na ji ta a bakin ruwa, har ta ishe ni. Masu zuba magungunan ƙwari irin su Gamalin 20 da ota-fiya-fiya suna cewa in an cire hanji aka soya ko aka banda, gubar ta mutu. Wa ya gaya musu? Sinadarin Gamalin, wato lindane, a kitsen kifi yake zama, wanki ba ya fitar da shi, suya ba ta raba shi da naman. Wanda ya ci yana iya kamuwa da amai, jiri, har da jijjiga, yara kuma sun fi saurin jigata. Tun 2009 yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta hana amfani da shi a noma, dokar kamun kifi ta Najeriya ta 1992 kuma ta haramta kamu da guba. Amma har gobe ana sayar da irin waɗannan a kwalabe marasa suna ranar kasuwa, ba mai cewa uffan.

Ruwan nan shi Fulani ke shayar da shanu, shi mata ke ɗiba. Guba ba ta zaɓen babban kifi, har 'ya'yan take kashewa, baɗi ka zo ka tarar da wayam. Haƙƙin mutane ne, kuma Allah zai tambaya. In ka ga kifi na yawo a sama, ciki a birkice, kada ka tsinta, je ka sanar da Sarkin Ruwa.