Rashin kuɗin zaman shawara kan bashi ba ya hana shigar da ƙarar karyewar arziki a Amurka

Tambaya: Barista, ina zaune a Amurka da matata da 'ya'ya biyu. Bashin katin banki da na asibiti ya kai mini iya wuya, ina so in shigar da ƙarar karyewar arziki a ƙarƙashin Babi na 7, wato ɓangaren dokar da kotu ke goge wa mutum yawancin bashinsa. An ce sai na yi wani zama na shawara kan bashi, kuma biya ake yi. Ba ni da ko sisi. Kotu za ta ɗauke mini?

Amsa: Malam, Allah ya yaye. Abu biyu ka haɗa: zaman kansa, da kuɗin zaman. Kuɗin ana yafewa. Zaman kuwa talauci ba ya ɗauke shi. Kuma mai yafe kuɗin ba alƙali ba ne, ƙungiyar da za ta yi maka zaman ce.

Tun gyaran dokar 2005, sashe na 109(h) na dokar karyewar arziki ya wajabta wa duk mai shigar da ƙara ya yi wannan zama cikin kwana 180 kafin ranar shigarwa. Ana yinsa ta waya, ta intanet ko ido da ido, yawanci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Za a duba abin da kake samu, abin da kake kashewa da bashin da ke kanka, sannan a ba ka takardar shaida. Dole ƙungiyar ta zama cikin waɗanda ofishin U.S. Trustee na Ma'aikatar Shari'a, mai sa ido kan shari'o'in karyewar arziki, ya amince da su a gundumar kotunka, jerin sunayen yana shafinsu. A jihohin Alabama da North Carolina wani jami'in kotu ne ke ba da amincewar. Takardar ƙungiyar da ba ta cikin jerin ba ta da amfani, ko nawa ka biya.

Sashe na 111 na dokar ya ce ƙungiya za ta iya karɓar kuɗi daidai misali, amma dole ta yi wa mutum aiki ko yana da halin biya ko ba shi da shi. Ƙa'idojin Ma'aikatar Shari'a sun ɗauki dala 50 ko ƙasa da haka a matsayin daidai misali. Sun kuma ce duk wanda kuɗin shigar gidansa bai kai kashi 150 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ba, a ɗauka ba zai iya biya ba. A ma'aunin 2025, mutum ɗaya dala 15,650 ne a shekara, gida mai mutum huɗu dala 32,150. Idan aka ƙara rabi a kai, iyakar mutum ɗaya ta zama 23,475, ta gida irin naka 48,225, wato kusan dala 4,018 a wata. Alaska da Hawaii nasu ya fi haka, kuma ana sabunta adadin a farkon kowace shekara, saboda haka duba na bana.

Akwai wani lauje cikin naɗi. Kasancewa ƙasa da iyakar ba ya nufin kyauta kai tsaye. Idan bayanan da ka bayar suka nuna za ka iya biyan wani abu, ƙungiyar tana da damar rage kuɗin maimakon yafe shi duka. Haka nan wanda ya ɗan haura iyakar bai rasa komai ba don ya roƙa, domin an ba ƙungiyoyin damar duba wasu abubuwa, kamar yawan abin da mutum ya mallaka, ko yawancin kuɗinsa tallafin gwamnati ne, ko lauyan agaji ne ke yi masa shari'ar kyauta.

Ka nemi yafewar kafin ka fara zaman. Da yawa sukan shiga shafin, su sa lambar katinsu, sai bayan an cire kuɗi su tuna da maganar yafewa, kuma dawo da kuɗi ya fi hana cire shi wahala. Buga musu waya ka ce kana neman a yafe maka saboda ƙarancin abin shiga. Wajibi ne su faɗa maka kuɗinsu da tsarinsu na yafewa tun kafin a soma. Tanadi takardun albashinka na baya-bayan nan da na matarka idan tana aiki, takardar harajin bara, da wasiƙar duk wani tallafi da kuke karɓa, kamar SNAP (tallafin abinci), Medicaid (tallafin asibiti), SSI (tallafin tsofaffi da masu nakasa) ko kuɗin rashin aiki. Mai tuƙin Uber ko wani aikin kai sai ya kawo bayanin abin da ya shigo da abin da ya kashe a kan mota. Idan wannan ƙungiya ta ƙi, gwada wata, ba a ɗaure ka da guda ɗaya ba.

Ga abin da ke rikita mutanenmu: kuɗin da kake aikawa gida ba a cire shi daga abin da kake samu a wannan lissafi, kuma kada ka ɗauka za a ƙirga iyaye da ƙanne da ke Kano ko Maradi cikin mutanen gidanka. Faɗi gaskiyar wanda ke zaune tare da kai. Waɗannan alƙaluma za su sake bayyana a takardun kotu da za ka sa wa hannu bisa rantsuwa.

Idan tare da matarka za ku shigar, kowa sai da takardar shaidarsa, ko da a zama ɗaya kuka yi.

Waɗanda doka ta ɗauke wa zaman gaba ɗaya kaɗan ne: mai taɓin hankali da ba ya iya yanke shawara kan kuɗinsa, mai nakasar da ta hana shi halarta ko ta waya ko intanet, da sojan da ke bakin daga. Sai kuma uzurin gaggawa, kamar a ce gobe za a yi gwanjon gidanka. Shi ma sai ka nuna ka nemi zaman ba ka samu ba cikin kwana 7, kotu ta gamsu, sannan ka kammala cikin kwana 30 da shigarwa, da yiwuwar ƙarin kwana 15. Ba na ba ka shawarar dogara da wannan. Tunda ana samun zaman ta intanet dare da rana, alƙalai ba su cika karɓar uzurin ba.

Shigar da ƙara ba tare da zaman ba yawanci korar ƙarar ce ke biyo baya. Kuɗin kotu ya tafi, kuma idan ka sake shigarwa cikin shekara guda, kariyar da ke dakatar da masu bin bashi kwana 30 kawai za ta yi, sai ka roƙi kotu ta tsawaita. Takardar da ta wuce kwana 180 ita ma ta mutu, don haka kada ka yi zaman sai ka kusa shiryawa.

Kuɗin kotu dabam yake, kuma nan ne alƙali ke da ta cewa. Babi na 7 dala 338 ne. Da fom 103B ake roƙon a yafe shi, ga wanda ke ƙasa da wannan iyaka ta kashi 150 kuma ba zai iya biya ko da kaɗan-kaɗan ba. Da fom 103A ake neman biya har sau huɗu cikin kwana 120. Babi na 13, wanda ake biyan bashi a hankali bisa tsarin da kotu ta amince da shi, mai dala 313, babu yafewa a cikinsa, sai dai rarrabawa.

Akwai zama na biyu bayan shigarwa, na koyon tafiyar da kuɗi, mai awa biyu. A Babi na 7 sai takardarsa ta isa kotu cikin kwana 60 daga ranar farko da aka sa don zama da masu bin bashi, in ba haka ba a rufe ƙarar ba a goge bashin ba. Ƙa'idar kashi 150 tana aiki a nan ma, amma yafewar farko ba ta ratsa shi, sai ka sake roƙo. Ajiye takardun albashin nan a kusa.