Barade ko dakaru? Tambaya a kan yaƙin Poltava

Wani malamin tarihi ya aiko da tambaya: "Malam, ina koyar da yaƙin Poltava na 1709 tsakanin Suwidin da Rasha. Wace kalma zan kira sojojin doki da ita, kuma wane karin magana ya dace da ƙarshen yaƙin?"

Malam, Allah ya ƙara basira. Kada ka ba ɓangarorin biyu suna ɗaya, domin ba salon yaƙi ɗaya suke yi ba.

Barde shi ne jarumin da doki ne wurin yaƙinsa, a kansa yake sara, a kansa yake mutuwa. Jam'insa barade, kuma har yau sarauta ce a fadojinmu. Wannan suna ya zauna daram a kan mahayan Sarki Karl na 12 na Suwidin. Sukan matsu da juna, gwiwar kowa a bayan ta ɗan'uwansa, su saki linzami su zaburo da takubba tsirara, ba sa tsayawa harbi. Sai dai kada ka ce musu 'yan lifidi. Lifidi rigar auduga ce mai kauri da ake lulluɓe doki da mahayi da ita, ba kayan yaƙinsu ba ne.

Mahayan Rasha da kwamandansu Menshikov ya jagoranta kuwa akasarinsu masu bindiga ne da aka horar su yi yaƙi a kan doki, in ta kama su diro ƙasa su yi harbi. Dakare a asali mai yaƙi a ƙasa ne, don haka ni zan ce musu dakarun doki.

Batun karin magana, da yawa za su ce "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", tunda Rashawa, da suka yi nasara, sun ninka sojojin Suwidin yawa. Ban gamsu ba. A yaƙin Narba, shekarar 1700, Rashawa sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma Karl, yana ɗan shekara 18, ya tarwatsa su cikin guguwar dusar ƙanƙara. Daga nan ya raina su, Sarki Bitrus na Rasha kuma ya shafe shekara tara yana gyara rundunarsa. A Poltava baraden Suwidin sun kora mahayan Rasha da asuba, amma ƙananan ganuwoyin da Bitrus ya gina suka raba rundunar Suwidin, ga Karl da raunin harsashi a ƙafa, ɗauke da shi ake yi. Daga ƙarshe ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkawa Karl ya gudu.

Ka rubuta wa ɗalibanka "raina kama ka ga gayya".